Babi na Bakwai: Nawa Aka Taya Tsohuwar Kyamara?

A babin da ya gabata mun yini a kara, mun ga yadda ake yanke wa dabba kuɗi. Mai sa ba ya cika cutuwa a can, domin masu taya suna da yawa, dillalai sun san kuɗin makon jiya, kuma labarin cinikin Potiskum yana riga motoci isowa Gamawa. Akwai kuwa wasu kaya a gidajenmu da ba su da kara, ba su da dillali, ba kuma wanda zai ce maka ga yadda aka sayar da irinsu jiya. Tsohuwar kyamarar dijital tana cikinsu. Tana nan a durowar Alhaji tun tsarabar Makka. Tana nan a akwatin malamin makaranta da ya saya lokacin yana karatu a Azare. Tana nan a shagon mai hoto da ya koma cajin waya da cirar kuɗi. Duk ranar da buƙata ta taso aka fito da ita, sai a yi ta kallon juna: nawa za ta yi? Amsar da ake bayarwa a nan gida wani lokaci takan yi ƙasa da gaskiya, wani lokaci kuma ta zarce ta nesa. Dukansu biyun rashin sani ke haifar da su, kuma ƙarshensu asara ce ko ɓacin rai tsakanin 'yan uwa.

Yadda ta zo, da yadda aka ajiye ta

Waɗanda suka manyanta a ƙasar Guddiri suna tuna zamanin fim. Mai hoto ya ɗauke ka ranar sallah, sai ka jira fim ɗin ya cika, ya kai wanki Azare ko Kano, ya dawo bayan kwanaki da hotonka da dodonsa a ambulan. In ka rufe ido a lokacin da aka ɗauka, shi ke nan, haka za ka karɓa. A can Amurka kuwa, tun 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda ba ta buƙatar fim. Nauyinta kilo 3.6, hoton baƙi da fari take ɗauka, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. An daɗe kafin abin ya zama na kasuwa. A 1999 Nikon ya fitar da D1 don 'yan jarida, a kan wajen dala 5,000. A 2003 Canon ya fitar da EOS 300D a ƙasa da dala 1,000, daga nan ƙofa ta buɗe wa ƙananan masu hoto a duniya.

A garuruwa irin Gamawa, Udubo da Gololo, zuwan dijital ya sauya sana'ar baki ɗaya. Da kyamara da ƙaramar firinta da janareto, mutum ya zama ɗakin wankin kansa. Fasfo na makaranta, na neman aiki, na aikin Hajji, duk nan take. Biki, suna, saukar Alƙur'ani, hawan sallah, fastar 'yan takara, ko'ina mai hoto yana gaba da jakarsa a kafaɗa. A 2010 ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, ta ƙidaya kyamarorin dijital wajen miliyan 121 da kamfanoninta suka fitar a shekara ɗaya. Wannan ne ƙololuwa. Zuwa 2023 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 8. Kodak ɗin da ya fara abin ya nemi kariyar kotu saboda karyewar jari a Janairun 2012.

Wayar hannu ce ta yi wannan aiki. Da Tecno da Itel da Infinix suka cika kasuwa, kowace amarya da ƙawayenta sun zama masu hoton kansu. Ta ɗaya ɓangaren kuma, hukumomi suka koma ɗaukar hoton mutum da na'urarsu: rajistar katin zaɓe, lambar BVN da bankuna suka fara a 2014, lambar NIN. Cinikin fasfo, wanda shi ne abincin yau da kullum na shagon hoto, ya ragu ƙwarai. Kyamarori suka koma cikin akwati, yawancinsu da batir a ciki.

Lissafin da ke ruɗin mai kaya

Abu na farko da mai tsohuwar kyamara yake faɗa shi ne kuɗin da ya saye ta. Kasuwa ba ta tambayar wannan. Amma faɗuwar naira ta kawo wani ruɗani da ya kamata a warware shi.

Mu ɗauki Nikon D3100, wadda ta fito a 2010 a kan dala 700 haɗe da gilashinta. A wancan lokaci dala tana wajen naira 150, wato kyamarar ta tashi naira 105,000. A ce a 2024 an sami mai saye a dala 100. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, don haka dala 100 ta zama naira 150,000. Mai kaya zai ga kamar ya ci riba bayan ya mori kayansa shekara da shekaru. A dala kuwa, kashi shida cikin bakwai na kuɗin sun tafi. In aka auna da albashi abin ya fi fitowa fili. Mafi ƙarancin albashi a 2011 naira 18,000 ne, wato naira 105,000 ta kusa albashin wata shida. A 2024 ya koma naira 70,000, wato naira 150,000 ba ta wuce albashin wata biyu da 'yan kwanaki ba.

Darasi biyu ke cikin wannan lissafi. Wanda ya ce sai an ba shi abin da zai sayi sabuwa irinta, zai daɗe yana jira. Wanda kuma ya raina ta, ya ce tsohon yayi ce, ya miƙa wa ɗan jari-bola a kuɗin ƙarfe da roba, ya zubar da kuɗin da zai iya sayen buhun hatsi. Kayan da ake shigowa da su daga waje da dala ake auna su, ko sun tsufa, domin wanda ke neman irinsu a Kano ko Legas da dala aka kawo masa nasa.

Tsofaffin kyamarori iri uku ne

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa su duka a kwando ɗaya. Kowane iri da abin da ke ba shi daraja, da kuma masu nemansa.

Iri na farko su ne kayan aiki, manyan nan baƙaƙe da ake cire wa gilashi a sa wani, waɗanda ake kira DSLR. Darajarsu tana ga sauran aikin da ya rage a jikinsu. Canon EOS 5D Mark II, wadda ta fito a 2008 a kan wajen dala 2,700, ta yi suna saboda tana ɗaukar bidiyo mai kyau, har masu shirya fina-finai suka rungume ta. Yau kuɗinta ya faɗi ƙwarai, domin a 2018 Canon da Nikon sun karkata ga sabon tsari na kyamarori marasa madubi, manyan masu hoto a duniya suka yi ta zubar da tsofaffin a kasuwa. Wannan faɗuwa alheri ce ga saurayin da ke son fara sana'ar hoto a Azare da ƙaramin jari. Ga mai sayarwa kuma akwai abin lura: gilashi ya fi gangar jikin kyamara riƙe kuɗi. Bakin da Nikon ke ɗaura gilashi a kai tun 1959 yake, na Canon tun 1987, kuma tsohon gilashi mai kyau yana hawa sabuwar kyamara da ɗan zoben haɗi. Sau da yawa sayar da gilashi daban da jiki daban ya fi kawo kuɗi.

Iri na biyu su ne 'yan ƙananan nan na aljihu masu launin azurfa ko ja: Sony Cyber-shot, Canon IXUS, Nikon Coolpix, Samsung, Olympus. Su ne waya ta fara kashewa, kuma su ne aka fi rainawa. Sai ga shi daga wajen 2022 samari da 'yan mata a Amurka, Turai da Asiya sun waiwayo su. A TikTok da Instagram suka fara yaɗa hotunan da aka ɗauka da su, suna son hasken filasharsu mai ƙarfi da launinsu wanda waya ba ta gyara ba. Kamfanoni sun riga sun daina ƙera yawancinsu, masu nema suka yi yawa, kuɗi ya tashi. Har waɗanda ba su tsufa sosai ba abin ya shafe su. Fujifilm X100V ta fito a 2020 a kan dala 1,399, amma ta kai ana sayar da ta hannu sama da kuɗin sabuwa. Haka Canon G7 X Mark III ta 2019. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Bahaushe. Sai dai a tuna wannan yayi ne, kuma yayi ba ya zama. Wanda ke da irin wannan a durowa, lokacin da ake nemanta shi ne lokacinta.

Iri na uku su ne na masu tara kayan tarihi, kuma su ne labarinsu ke shiga jarida ya ɗaga wa mutane hankali. A Yunin 2022, a garin Wetzlar na Jamus, an yi gwanjon wata Leica ta 1923 a kan Yuro miliyan 14.4. Ta fim ce, tana cikin 'yan kaɗan da aka fara ƙerawa don gwaji, kuma ta Oskar Barnack ce, mutumin da ya ƙirƙiro ta. A 2013 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wata Leica ta dijital a New York a kan dala miliyan 1.8, saboda guda ɗaya tak aka yi, kuma don taimakon marasa lafiya aka sayar. Tarihi da ƙaranci aka saya a nan. Kyamarar da aka ƙera miliyoyin irinta ba ta shiga wannan sahu, kome daɗewarta. Akwai kuma bambanci tsakanin ta fim da ta dijital wajen tsufa. Ta fim ƙarfe ce da giya-giya, makaniki zai iya gyara ta bayan shekara 70. Ta dijital rayuwarta tana rataye da sensa da batir da ƙananan sassan lantarki waɗanda in aka daina ƙera su, an daina ke nan. Ko Leica M9 ta 2009, mai tsadar gaske, sensarta ta riƙa lalacewa, kuma a 2020 kamfanin ya sanar cewa ba shi da sauran wadda zai musanya da ita.

Duba baki kafin taya

Mai sayen sa yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora, domin shekaru ba sa ɓuya a nan. Kyamara ma tana da nata haƙoran. A cikin babbar kyamara akwai wani ɗan labule da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka danna, kuma na'urar tana ƙidaya kowace ƙiftawa. Kamfani yakan faɗi iyakar da ya gwada: D3100 ƙiftawa 100,000, 5D Mark II kuwa 150,000. Mai hoton da ke ɗaukar 500 a kowane biki, biki biyu a mako, zai haura 50,000 a shekara ɗaya. Saboda haka kyamara biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, ɗaya ta ɗan kasuwa mai ɗaukar 'ya'yansa ranar sallah, ɗaya ta mai bin bukukuwa, kuɗinsu ba zai taɓa zama ɗaya ba. A Nikon adadin yana ɓoye cikin bayanan kowane hoto, ana iya karanta shi da manhaja. A yawancin Canon sai an jona ta da kwamfuta.

Na ga yadda wani mai gyara a Kano yake karɓar kyamara, kuma duk mai niyyar sayarwa ya kamata ya yi wa tasa haka tun a gida. Bai kunna ta ba tukuna. Ya fara buɗe ɗakin batir ya kai hanci. In an bar ƙananan batura a ciki shekaru, za a ga wani farin gari mai ratsin kore ya cinye ƙarfen da ke taɓa su. In batirin caji ne, yakan kumbura ya maƙale, sai an sa farce an ciro shi. Ya shafa robar riƙo da babban yatsa, domin zafin bazara yakan narkar da ita ta riƙa danƙo. Sai ya cire gilashi ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa yana juyawa a hankali, yana neman wasu siraran zare-zare farare a ciki. Fumfuna ce, damina da rufaffen akwati ke kawo ta, kuma in ta ci gilashi ba ta gogewa. Daga nan ya sa batirinsa, ya ƙuntata ƙofar haske, ya ɗauki farin bango, ya faɗaɗa hoton a allo. Duk ɗigon da ya gani ƙurar hunturu ce a kan sensa. Wannan ana sharewa. Amma in hoton ya fito da layi-layi ko ya rine shunayya, sensar ce ta tafi. A 2005 kamfanoni da dama sun amsa cewa wasu sensa da Sony ya ƙera musu a shekarun baya kaɗan suna lalacewa a wuri mai zafi da laima, kuma irin waɗannan kyamarori da yawa sun ƙare a ƙasashenmu.

A 'yan ƙananan, abin da ya fi kashe su a arewa shi ne ƙura ta shiga inda gilashi ke fitowa ya koma, ya cije. Sai kuma kati. Tsofaffin Sony da Memory Stick suke aiki, Olympus da Fujifilm da xD, wasu kuma ba sa karɓar katin SD da ya wuce gigabait 2. Kyamarar da ta zo da katinta da cajarta ta asali da batir mai riƙe wuta ta fi wadda ta zo tsirara kuɗi nesa ba kusa ba. Kwali da rasit ma suna ƙara wani abu.

Mutum na biyu ne ke yanke kuɗi

Gwanjon da muka saba ji shi ne na tsofaffin motocin gwamnati, da na kwastan wanda ya koma intanet a 2017. Amma ƙa'idarsa ɗaya ce ko'ina, daga Wetzlar har zauren gidan mamaci. Wanda ya yi nasara ba ya biyan iyakar abin da zai iya. Yana biyan ɗan abin da ya ɗara inda abokin takararsa ya tsaya. In mai so mutum ɗaya ne, tayinsa na farko shi ne kuɗi. In su biyu ne, sai kaya su fara nuna darajarsu.

Ga yadda abin yakan kasance a wajen rabon gado. Mai hoto ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya. An baje kayan shago a tabarma a zaure: babbar kyamara da gilashi biyu, firinta, da wata 'yar ƙarama ja a cikin safa. Malamin da ke rabo ya san kuɗin gona da na tumaki, amma da ya zo kan waɗannan sai ya dubi jama'a.

"To, wa ya san kan wannan?"

Aka nuna yaron shagon marigayi. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, babbar ta sha aiki. Ni dai in za a bar mini, zan ba da dubu 40 har da gilasan."

Babban ɗa ya ce, "Haba, Baba fa sai da ya sayar da bijimi ya saye ta. Albarka."

Ƙanin marigayi ya ce, "Kai dai yaro, wa ke hoto da wannan yanzu? A sallama masa, ya ci gaba da neman abinci. Ƙaramar kuma a ba yara su yi wasa."

Ba wanda ya yi ƙarya a zauren nan, ba kuma wanda ya yi nufin cuta. Yaron shago ya faɗi abin da aljihunsa zai iya. Ɗan ya tuna bijimi. Baffa ya duba zumunci. Amma mai taya ɗaya ne, kuma a cikin magada akwai marayu ƙanana waɗanda haƙƙinsu ke cikin kowace naira. Ta yiwu gilashi ɗaya daga cikin biyun ya fi abin da aka taya duka, ta yiwu kuma 'yar jar da aka ce a ba yara ita ce ake nema a Legas. Abin da ya dace shi ne a dakata kwana biyu, a nemo mai taya na biyu, ko da ta waya ne. In bayan an san kuɗin magada manya suka ga dama su sassauta wa yaron shago daga rabonsu, wannan alheri ne da aka yi da ido buɗe.

Neman mai taya na biyu ya yi sauƙi yanzu. A ƙarƙashin kowace kyamara ko a gabanta akwai sunanta da lambarta. A rubuta su daidai, harafi da harafi, domin harafi ɗaya yakan raba mai tsada da mai araha. A shafin eBay, wanda aka kafa a 1995 kuma har yau shi ne babban dandalin gwanjon kayan hannu, akwai wurin da ke nuna kayan da aka riga aka sayar da kuɗin da aka biya. Nan za a duba. Abin da masu kaya suka sa wa kayansu buri ne kawai, sai wanda aka sallama ne farashi. Daga wannan kuɗi kuma sai a rage, domin aikawa waje daga Najeriya yana da wuya: dandalin yana cire la'adarsa fiye da kashi 10 cikin 100, kuɗin jirgi yana da yawa, batirin caji yana da dokokin aikawa, karɓar kuɗin ma wani aiki ne. Kasuwar da mutumin Gamawa zai iya kaiwa ita ce ta cikin gida: masu kayan lantarki a Farm Centre da titin Beirut da Sabon Gari a Kano, Computer Village a Ikeja, shafin Jiji, da ƙungiyoyin masu hoto na Azare, Bauchi da Potiskum. A aika hotunan kayan ga mutum uku ko huɗu, kowa ya san ba shi kaɗai aka nuna wa ba. Kada a ba direba kaya a tasha sai an ga kuɗi sun zauna a asusu, domin alat na bogi ya yawaita.

Malamanmu sun daɗe da shimfiɗa ƙa'idar wannan ciniki. Sayarwa ga wanda ya fi ƙari halal ce. Abin da aka hana shi ne najashu, wato a sa wani ya riƙa taya kaya ba da niyyar saye ba, don a ingiza mai saye na gaskiya. Haka nan masu saye su haɗa baki su danne kuɗi, zalunci ne. Babin ciniki na Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ya hana algus da ɓoye aibin kaya, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. A cinikin nesa wannan ya fi nauyi, domin mai saye a Kano bai riƙe kayan a hannu ba. In gilashi yana da fumfuna, a faɗa, a ɗauki hotonta. In ba a gwada kyamara ba saboda babu caja, a ce ba a gwada ba. Mai gaskiya yakan sami ɗan ƙasa a cinikin farko, amma shi ake sake kira.

Abin da ke cikin kati

Akwai abu ɗaya da ba ya cikin ciniki, kuma shi aka fi mantawa. Kyamara da yawa suna barin gida da katinsu cike. A ciki akwai matan aure a cikin ɗakunansu ranar suna, akwai 'yan mata ranar kamu, akwai takardun mutane. Amana ce aka ba mai hoto, kuma ba ta faɗuwa don ya rasu ko ya bar sana'a. Hoton da ya faɗa hannun wanda ba ya tsoron Allah yana iya kashe aure cikin yini ɗaya. Gogewa kawai ba ta isa ba, domin akwai manhajojin da ke dawo da abin da aka goge. A kwashe hotunan, a riƙe katin a gida. In dole sai an haɗa da shi saboda irinsa ya yi wuya, a wanke shi sarai, a cika shi da hotunan bango, a sake wankewa.

Hotunan kuma suna da wata daraja da ta wuce ta iyali. Shekarun da kyamarar dijital ta yi tashe a ƙasar Katagum shekaru ne da abubuwa da yawa suka sauya. A cikin katunan masu hoto da tsofaffin faifansu akwai hawan sallah na zamanin Sarkin Katagum Muhammadu Kabir Umar, wanda ya rasu a Disambar 2017. Akwai kasuwanni kafin a sake musu fasali, da makarantu, da malamai da dattawan da ba su da wani hoto a duniya sai wannan. Zamanin fim ya bar mana takarda da dodo, ana iya tsintarsu a ƙasan adaka bayan shekara 40. Kati da faifai ba su da wannan haƙuri. Katin da aka ajiye shekaru ba a sa masa wuta ba yana iya rasa abin da ke cikinsa, faifai kuma zafi da ƙarzuwa suna cinye shi. Muna da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare, muna da Jami'ar Sa'adu Zungur a Gaɗau, muna da masarauta mai tarihi. Ɗalibi ɗaya da kwamfuta da izinin masu hoto zai iya tara abin da ba za a sake samu ba, a ware na taron jama'a don ajiya, a mayar wa iyalai nasu.

Saboda haka, duk wanda ya fito da tsohuwar kyamara don sayarwa, ya bi abin daki-daki. Ya fara ciro kati ya adana abin da ke ciki. Ya cire batir ya duba lafiyarta kamar yadda mai gyara zai duba. Ya san wane iri ce cikin ukun nan, ya nemi kuɗin da aka sayar da irinta, ya faɗi aibinta, sannan ya tara masu taya fiye da ɗaya. Wannan duka bai fi aikin kwana biyu ko uku ba. Nisanmu da manyan kasuwanni ya daɗe yana sa mu sayi kaya da tsada mu sayar da araha, kuma a da muna da uzuri, domin labarin farashi ba ya iso mu. Yanzu labarin yana cikin wayar da ke aljihun kowa. Haƙƙin maraya da gumin mai sana'a sun cancanci a tsaya a bincika kafin a ce an sallama.